Darasin Gyaran Gida: Shuɗi Mai Duhu Ko Ruwan Makuba?

Uwargida, idan maigida ya ce ki zaɓi fentin falo kuma ranki ya kwanta da launi mai duhu, ki tsaya ki auna kafin a sayo bokiti mai lita 20, domin kuskuren fenti shekaru ake zaune da shi. Bari mu duba launi 2 da mata suka fi so: shuɗi mai duhu irin na rinin Ƙofar Mata, da ruwan makuba, wato ja-ja mai duhun nan da iyayenmu ke samu daga ɓawon ɗorawa su shafe bango.

Na farko, ƙura. Ke da ke Dakata, ga motocin titin Haɗeja, ga masana'antun Bompai, ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙurar nan fari-fari take fitowa a kan shuɗi, har shatin yatsun yara sai kin gani. Makuba kuwa ta yi kusa da launin ƙasa, tana rufa asiri.

Na biyu, haske. Duka biyun suna shanye shi, amma shuɗin ya fi. Ranar da aka ɗauke wuta, fitilar caji ɗaya ba za ta ishi yara yin aikin makaranta ba. Ga shi sauro yana son laɓewa a wuri mai duhu, kuma da wuya ki hango shi a bangon.

To, mece ce mafita? Ki sa mai fenti ya raba bangon biyu: daga ƙasa zuwa kamar ƙugunki a shafa makuba, sama da silin kuma fari ko ruwan madara. Ƙasan ya ɓoye datti, saman ya mayar miki da haske. Idan shuɗin kike so lallai, bango ɗaya ya isa, wanda ke fuskantar taga.

Kafin a biya kuɗi, a shafa kaɗan a bango ya bushe, ki duba shi da safe, da rana, da kuma dare. Ki sani launi mai duhu yakan nemi shafi 2 ko 3. In fentin mai ne, a bar tagogi buɗe, mai juna biyu da jarirai su kwana a wani ɗakin har warin ya fita.