Hakkin Mesa A Kan Wanda Ya Tsare Ta

 Akan ga gardi a kasuwar Gwandu ko Kalgo da sabuwar mesa cikin akwati. To, mene ne hakkinta a kansa?

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ba. Ashe duk dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta suna wuyansa.

Jikin mesa yana bin zafin wurin da take. Saboda haka akwatin ƙarfe a ranar bazara halaka ne, sanyin hunturu kuwa yakan hana ta ci. Lalle akwatin ya zama na katako, mai kafofin iska, a inuwa, da kaskon ruwa a ciki. Idan saɓarta ta maƙale, bushewa ce ta yi yawa. Sabuwar kamu takan yi makonni ba ta ci ba. A ƙyale ta ta natsu. In ta ci, kada a ɗaga ta sai bayan kwana 2, don kada ta amayar.

Murfi kuwa a sa masa kwaɗo. Mesa ba ta da dafi, amma babba takan wuce mita 4, tana iya matse yaro har lahira, hakkin maƙwabci kuwa ya fi nata nauyi. Wanda ba zai iya ba, ya mayar da ita daji nesa da gari. Allah shi ne masani.