GYARAN KAFIRETON TSOHUWAR MOTA BAYAN TA DAƊE A AJIYE

Ɗan'uwa manomi, in kana da tsohuwar a-kori-kura, ko kuwa ƙungiyarku ta haɗa kuɗi ta sayi ɗaya don kai amfanin gona kasuwa, to wannan takarda taka ce. A ƙauyuka da yawa a kan jingine irin wannan mota tun faɗuwar damina, sa'ad da hanya ta ɓaci, ba a sake waiwayarta sai kaka ta yi, ko sai tumatir na rani ya nuna. Ranar da a ke bukatarta kuwa, ran nan ta kan ƙi tashi. Hatsi yana iya jira, amma tumatir da ke cikin kwando ba ya jiran makaniki. In ya kwana biyu, sai ka sayar yadda dillali ya ga dama.

Galibi ba wani abu ne ya karye ba. Tsohon fetur ne ya bushe ya toshe kafireto. In ka bi a hankali, daga tanki zuwa inji, kana iya gano laifin da kanka.

Wannan bayani ya shafi motoci masu kafireto ne kaɗai, irin su Peugeot 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna wadda aka buɗe a 1975, da sauran tsofaffin motocin fetur. Motocin zamani masu injekta ba su da kafireto.

YADDA KAFIRETO KE AIKI

Inji ba ya ƙona fetur zalla, sai an gauraya shi da iska, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Kafireto shi ke yin wannan gauraye. Ka san waɗannan sassa nasa:

1. Kwano: nan fetur ke taruwa kaɗan kafin inji ya zuƙa.
2. Fulot da allura: fulot yana yawo bisa fetur kamar ƙwarya bisa ruwa. In kwano ya cika, sai ya taso ya tura allura ta rufe ƙofar mai.
3. Jet: 'yan sukurori ne na farar tagulla masu siririn rami. Akwai babba na tafiya, akwai ƙarami na silo, watau sa'ad da inji ke aiki mota tana tsaye.
4. Famfon totur: shi ke fesa ɗan mai duk sa'ad da ka taka totur.
5. Cok: yana rage iska don inji ya tashi da sanyi.

ABIN DA KE FARUWA IN MOTA TA DAƊE A TSAYE

Fetur ba ya ajiyuwa. Bayan 'yan watanni, musamman da zafi, mai saurin kamawar cikinsa ya kan tashi ya bi iska, abin da ya rage ya zama kamar ƙaro. Shi ne ke toshe jet, ya manne allura. Da damina kuma raɓa ta kan taru cikin tankin da bai cika ba. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ya kan kwanta a ƙasa ya kawo tsatsa. Ban da wannan, roba ta kan bushe ta tsage, ɓera ya ci tiyo ko waya, zanzaro kuma ya yi gini a bakin matatar iska.

KIYAYE LAFIYARKA

Yi aikin a fili, nesa da murhu, da rumbu, da tarin kara. Kada a sha taba kusa, kada a haska da ashana ko fitilar kananzir. Ajiye bokitin yashi kusa da kai, gama wutar fetur ba a kashe ta da ruwa. Kada ka zuƙi fetur da baki. Kada ka tada inji cikin rufaffen ɗaki, hayaƙin salansa yana kisa. Kori yara daga wurin.

KAYAN AIKI

Sukundireba, sifana, farar kwalba, tire mai tsabta, tsohon buroshin haƙori, famfon keke, sabon fetur kamar lita 5, da gwangwanin feshin wanke kafireto in ka samu a wurin masu sayar da kayan mota.

BI WAƊANNAN MATAKAI ƊAYA BAYAN ƊAYA

Mataki na 1. Kada ka yi saurin murza makulli. Duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da batir. Cire murfin matatar iska ka kakkaɓe ƙura, ka fid da ginin zanzaro ko sheƙar ɓera. Bi tiyon mai da hannu, in ya tsage ka sake shi.

Mataki na 2. Gwada man da ke tanki. Tsiyayo kaɗan cikin farar kwalba ka bar shi ya natsu. In ya yi duhu kamar shayi, ko yana wari irin na tsohon fenti, ya lalace. In akwai ruwa za ka gan shi kwance a gindin kwalba. To, juye tankin duka, ka sake matatar mai, ka zuba sabo. Tsohon man nan kada ka zuba shi a gona ko kusa da rijiya, kuma ko kusa kada a sa shi a fitila ko risho. In ka wanke kafireto ka bar tsohon mai a tanki, aikin banza ka yi, zai sake toshewa.

Mataki na 3. Duba ko mai yana isowa. Cire ƙaramar wayar da ke kai wuta ga kwayil don kada tartsatsi ya tashi. Zare tiyon mai daga jikin kafireto ka sa bakinsa cikin kwalba, wani ya murza makulli na ɗan lokaci. Ya kamata mai ya riƙa fitowa da ƙarfi, tsut, tsut. In bai fito ba, laifin yana baya: ko matata, ko tiyo, ko famfon mai. Ka kuma sansana sandar awon baƙin mai. In tana warin fetur, mai yiwuwa robar famfon mai ta fashe, fetur yana zuba cikin inji. Kada ka tada motar sai an gyara famfon, an juye baƙin mai.

Mataki na 4. Mai da tiyo da waya. Inji yana kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireto, ka ja hannun totur sau biyu. In ka ga siririn mai ya feso, kwano yana da mai. In ba ka gani ba, ƙwanƙwasa gefen kwano a hankali da ƙotar sukundireba. Sau da yawa wannan kaɗai ya kan saki allurar da ta manne.

Mataki na 5. Raba laifin mai da laifin wuta. Zuba fetur cokali ɗaya a maƙogwaron kafireto, ka mai da murfin matatar iska, ka kawad da kwalbar mai nesa, sa'an nan a murza makulli. Kada ka zuba sa'ad da a ke murzawa, kada kuma ka sunkuya a kai, don wuta ta kan yi tsalle ta baya. In inji ya kama ya mutu, wutarka lafiya, mai ne ba ya wucewa. In ko tari bai yi ba, to bar kafireto, je ka duba fulogi da kwantak. Kada ka murza makulli fiye da daƙiƙa 10 a jere, ka riƙa hutad da batir.

ALAMU DA MA'ANARSU

(a) Inji ba ya aiki sai an ja cok, ko yana mutuwa da zarar ka ɗaga ƙafa: jet na silo ya toshe, ko iska tana shiga ta gindin kafireto, ko ta wani tsagaggen tiyo.
(b) Yana silo lafiya, amma in ka taka totur sai ya shaƙe: famfon totur ne.
(c) Mota ba ta da ƙarfi da kaya ko a hawa: babban jet, ko mai ba ya isowa sosai.
(d) Mai yana malala, ga baƙin hayaƙi, fulogi a jiƙe: allura ba ta rufewa, ko fulot ya huje. Kashe inji nan da nan.

In dai mai ne kawai ya yi yawa saboda yawan taka totur, mai da cok, ka taka totur har ƙasa ka riƙe, sa'an nan ka murza makulli.

WANKE KAFIRETO

Cire wayar batir tukuna. Shimfiɗa tire, duk abin da ka kwance ka jera shi bi da bi yadda ka fitar. In kana da waya mai ɗaukar hoto, ɗauki hoto kafin ka kwance kowane abu.

Ɗaga murfin kafireto a hankali don kada gasket ya yage. Kwashe dattin gindin kwano, ka goge da buroshi da sabon fetur. Fid da fulot ka girgiza shi kusa da kunne. In ka ji motsin mai a ciki, ya huje, sai sabo. Kada ka lanƙwasa hannunsa, gama shi ke ƙayyade yawan man kwano. Duba bakin allura, in ya ci har ya yi zobe, sake ta.

Kwance jet da sukundireba daidai bakinsa. Jiƙa shi a fetur ko ka fesa masa maganin wanki, ka hura da famfon keke, sa'an nan ka ɗaga shi sama ka leƙa. Sai ka ga haske zagaye sosai. Ka hura sauran ramukan jikin kafireto ma.

A nan ne mutane da yawa su ke yin gyaran gangar Abzinawa. Kada ka soka allurar ɗinki ko waya a ramin jet. Tagulla tana da laushi, in ramin ya buɗe ko da kaɗan ne, motar za ta riƙa shan mai har ranar da ka sayi wani. Kowane jet yana da lamba a jikinsa, ka mai da shi gurbinsa, kada ka musanya. Kada ka jiƙa roba cikin maganin wanki. Wajen ɗaurewa kuma kada ka matse da ƙarfi, jikin kafireto ba ya jimrewa.

MAGANAR SAITI

Motar da ka ajiye tana aiki lafiya, saitinta bai sauya don kansa ba. Saboda haka kada ka fara da murɗa sukurorin saiti. In ya zama dole ka cire sukurun gauraye don wanki, fara murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kana ƙirga zagaye. Rubuta adadin, ka mai da shi haka. Bayan ka yi tafiya, cire fulogi ka duba. Ruwan ƙasa-ƙasa, saiti ya yi. Baƙi mai kunkunniya, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya yi kaɗan, wannan kuwa yana sa inji zafi.

In ka yi duk wannan mai bai daina malala ba, ko tanki ya cika da tsatsa, ko sandar totur tana girgiɗi a gurbinta, to ka kai wa makaniki. Gaya masa abin da ka riga ka gwada, zai rage maka kuɗi da lokaci.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

1. In da hali, tada motar kowane mako ko biyu, ta yi minti 15 zuwa 20 har inji ya yi zafi, ka ɗan zaga da ita.
2. In ajiyar wata ɗaya ko biyu ce, cika tanki don raɓa ta rasa wurin taruwa.
3. In za ta shekara rabi a tsaye, juye tanki, ka bar inji ya yi aiki har ya shanye man kwano ya mutu don kansa.
4. Cire wayar batir. Toshe bakin matatar iska da na salansa da tsumma, ka ɗaura alama a sitiyari don kada ka manta ka cire.
5. Ajiye ta a inuwa, nesa da rumbun hatsi saboda ɓera.

Injin ban ruwa na fetur da babur mai kafireto ma haka su ke. In ka gama noman rani, rufe makunnin mai, ka kwance ɗan sukurun gindin kwano man ya tsiyaye kafin ka kai inji ɗaki.

KA TUNA

Gwada motarka wata ɗaya kafin girbi ko tsinkar tumatir, kada ka bari sai ranar kasuwa. Fara daga tanki. Sabon mai, matata mai tsabta, jet a hura shi da iska kawai. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku ko makanikin da ka amince da shi.