Gano Matsalar Tenshina a Injin Motocin Gudu

Gabatarwa

Harshe yana bunƙasa ne gwargwadon fannonin da ake iya bayyanawa da shi, kuma kanikanci na daga cikin fannonin da Hausa ta daɗe da shiga. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan wani ɗan ƙaramin ƙarfe da kanikawa ke kira tenshina, wato abin da ke ɗame taimin bel, da yadda ake gano lalacewarsa lokacin sabis. Za a ɗauki misali daga motocin gudu na Italiya da Jamus, musamman Ferrari F355 wadda aka ƙera daga 1994 zuwa 1999, domin a irin waɗannan motoci ne kuskure kaɗan yake jawo asara mai yawa.

Aikin Taimin Bel

A cikin injin akwai sanduna iri biyu masu juyawa. Karanshaf yana ƙasa, shi ne fistin ke juyawa. Kamshaf kuwa yana sama, shi ne ke buɗe bawul da rufe su. Taimin bel, wanda roba ce mai haƙora, shi ke haɗa su domin su tafi tare: duk juyi 2 na karanshaf, kamshaf ya yi 1.

A yawancin motocin gudu, wurin da bawul ke saukowa shi ne wurin da fistin ke isa idan ya hau, sai dai kowa da lokacinsa. Injin F355 yana da silinda 8, kowace da bawul 5, jimla 40 ke nan, da kamshaf 4 da bel 2. Yana iya kaiwa juyi 8,500 a minti ɗaya, wato fiye da juyi 140 a daƙiƙa. Idan bel ya saki ya tsallake haƙora a irin wannan gudu, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Hana wannan saki shi ne aikin tenshina.

Ire-iren Tenshina

Tenshina tana da sassa biyu: fuli mai boris da ke danne bayan bel, da kuma abin da ke tura fulin. Ta fuskar abin turawar ne aka kasa ta:

1. Ta hannu: makaniki ne ke matso da fulin ya auna ɗaurin, sannan ya ɗaure noti, kamar a Porsche 944 na farko-farko.
2. Mai sifirin: sifirin ne ke tura fulin. A Ferrari 308, bayan sifirin ya daidaita ɗaurin sai a kulle shi da noti.
3. Mai aiki da mai: ɗan bututu ne mai ɗauke da mai da sifirin, yana turo wani tsinke da ke danna fulin. Man ne ke shanye girgizar bel. Irinta ce a F355 da Subaru Impreza WRX.

Alamomi Kafin a Kwance Injin

Abu na farko shi ne sauraro. Idan aka ta da injin yana sanyi aka ji ƙwanƙwasa ko kaɗawa daga murfin bel, musamman a silo, to ana zargin tenshina ta yi rauni, bel yana dukan murfi. Idan kuwa kuka ne siriri mai ƙaruwa duk sa'ad da aka taka totur, to ko dai an ɗame bel fiye da kima, ko giris ɗin boris ya bushe.

Sai dai ba kowace ƙara ce ta tenshina ba. Fambel da fulin na'urar cajin batir suna yin irinta. Don bambancewa, akan cire bel na waje a ta da injin na ɗan ƙanƙanen lokaci. In ƙarar ta ɓace, matsalar a waje take. In ta ci gaba, tana cikin murfi.

Alama ta biyu ita ce sauyin halin injin: wuyar tashi, rawa a silo, raguwar ƙarfi, ko kunnuwar fitilar gargaɗi. Wannan yana iya nuna bel ya riga ya tsallake haƙori. A nan ba a sake ta da injin, sai a juya shi da hannu a duba alamomin taimin. Kamfanin Porsche ya ga muhimmancin abin har ya sanya fitilar gargaɗin sakin bel a samfurin 928 mai bawul 32.

Bincike Bayan an Buɗe Murfi

A F355 gaban injin yana fuskantar bayan kujeru, don haka bisa tsarin kamfani sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a sauya bel. Wanda ya sha wannan wahala bai kamata ya yi binciken gaggawa ba. Kafin a cire komai, a daidaita alamomin taimin, a lura da matsayin tenshina, sannan a karanci tsohon bel, domin shi ne shaidar farko:

Idan gefe ɗaya ya zaizaye, ko an ga baƙar ƙurar roba cikin murfi, fulin ya karkace, bel yana gogar gefe.

Idan bayan bel ya yi ƙyalli kamar an goge shi, ko ya tsattsage, boris ya fara cijewa, bel yana zamewa a kansa yana zafi.

Idan tsakanin haƙora ya cinye, ɗauri ya yi yawa. Idan haƙoran ne suka ɓantale, ko dai ɗauri ya yi kaɗan ko wani abu ya cije.

Idan bel ya jiƙe da baƙin mai, a nemi sil ɗin da ke yoyo, domin mai yana ruɓar da roba, kuma sabon bel ma haka zai yi.

Daga nan sai fuli. A juya shi da hannu. Boris mai lafiya yana juyawa sumul ba ƙara, da ɗan nauyi saboda giris. Wanda ya yi ta wulwulawa shi kaɗai yana ƙara, giris ɗinsa ya ƙare, ko da yake wanda bai sani ba zai ɗauka shi ne mai kyau. Haka kuma a girgiza shi gefe da gefe, kowane irin wasa alamar mutuwa ce.

Ita kuwa tenshina mai aiki da mai, a duba bakin tsinkenta. Idan akwai yoyon mai, ko kuma tsinken ya shige da ƙarfin hannu kawai, ta mutu, ba ta gyaruwa.

Har wa yau, a wasu injina kamar na Porsche 944, taimin bel ne ke juya famfon ruwa. Famfon da boris ɗinsa ya lalace yana ba da alamomi irin na tenshina, don haka shi ma a gwada shi.

Mayarwa

Ana auna ɗauri ne injin yana sanyi, domin alminiyon yana buɗewa idan ya yi zafi, bel ya ƙara ɗamewa. Ba a dogara da yatsa, akwai ma'auni na musamman, wasu ma suna sauraron amon bel idan an kaɗa shi, kamar yadda makaɗi ke gwada tsirkiyar garaya. Tenshina mai aiki da mai kuwa a hankali ake matse tsinkenta, ana ɗaukar mintuna, sannan a sa fil a riƙe shi har bel ya zauna. Matsewa da gaggawa tana lalata cikinta. Daga ƙarshe a juya karanshaf da hannu sau 2 ta fuskar da injin ke juyawa, a tabbata alamomi sun koma wurinsu.

Tsokaci a Kan Kalmomi

Ɗalibai za su lura cewa yawancin kalmomin darasin aro ne daga Ingilishi, amma sun bi tsarin sautin Hausa. Sautin /p/ ya koma /f/ a fistin da fuli da fil. An raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali a sifirin da giris da karanshaf. An kuma yar da baƙin ƙarshe a bel da kamshaf.

Kammalawa

An ga cewa gano matsalar tenshina yana bin matakai uku: sauraro, karanta tsohon bel, da gwada fuli da tsinke. Ƙa'idar kanikawa ita ce a sauya bel da tenshina da fuli tare, kuma a bi wa'adin kamfani na shekaru ko da motar ba ta yi tafiya ba, domin roba tana tsufa a ajiye. Daga 2004 Ferrari ta koma amfani da sarƙa a F430, amma tsofaffin motoci masu bel suna nan, kuma a gare su rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ya sa boris mai wulwulawa shi kaɗai ake ɗaukarsa matacce?
2. Ta yaya ake bambance ƙarar fambel da ta tenshina?
3. Kawo kalmomin kanikanci 5 da ba su cikin darasin, ka bayyana sauye-sauyen sautin da suka samu.