Salati da ƙwan tsutsar ciki

In ɗari ya shigo, kasuwa takan cika da kayan garka: salati, shu, karoti, tumatir. Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kunce ta ja hankalin jama'a ga noman rani, kayan nan suka yawaita a ƙasarmu. Daga Jiratawa zuwa Mirriya, har garaken bakin kogin Isa a Yamai, magidanta da yawa da su suke riƙe da iyali. Abinci ne mai ƙara lafiya. Sai dai ɗanye muke cin shi, wuta ba ta taɓa shi ba.

Kai mai karatu, ka san macijin ciki. Wataƙila ka taɓa ganin yaro ya fid da shi a cikin kashi ko a cikin amai. Tsawonsa yana kai santimeta 30. Tsutsa mace guda tana iya zuba ƙwai wajen 200.000 a rana ɗaya cikin hanjin mutum. Ƙwan nan ido ba ya ganinsa, sai da madubin likita. Yana fita tare da kashi. In an yi bahaya a fili, ruwa ya kwashe shi zuwa tabki ko ƙorama. In an yashe salga aka kai abin garka don taki tun bai ruɓe ba, to, an kai ƙwan har gindin salati ke nan. A ƙasa mai laima da inuwa, yana iya shekaru bai mutu ba.

Mai garka ya ɗebo ruwan nan, ya watsa bisa ganye. A Yamai, ƙoramar Gunti Yena tana kwashe ruwan dauɗa na unguwanni, kuma akwai garake a bakinta. Kada ka yi saurin zargin mai garka, sau da yawa ruwan da ya samu ke nan. Amma salati ganyensa a naɗe yake, kusa da ƙasa yake, ƙwai yana samun wurin maƙalewa. A kasuwa kuma mai sayarwa tana yayyafa masa ruwan bokiti guda tun safe har marece don kada ya yanƙwane.

In ka haɗiye ƙwan, ba ranar za ka ji ba. Sai ya ƙyanƙyashe a hanji, ƴar tsutsar ta bi jini ta kai huhu, mutum ya yi ta tari, sannan ta komo hanji ta girma. Bayan wata 2 ko 3 ita ma ta fara ƙwai. Wa zai tuna da salatin da ya ci wata 2 baya? Shi ya sa ake cewa zaƙi ne ke sa ma yara tsutsa. Sukari ba ya haihuwar tsutsa. Yaro mai tsutsa cikinsa yana ciwo, ba ya son abinci, ba ya girma yadda ya kamata. In sun yi yawa suna iya toshe hanji, har sai an yi aiki. Ta hanyar nan kuma atuni yake shiga, mai sa zawo da jini da majina.

Mata da yawa sun san ruwan jabel, suna jiƙa salati a ciki. Daidai ne, jabel yana kashe ƙwayoyin kwalara da na taifot. Amma ƴar'uwa, ki riƙe wannan: ƙwan macijin ciki ɓawonsa kauri gare shi, jabel ba ya kashe shi. Lemun tsami da gishiri ma haka. Abin da ke fid da shi wanki ne da hannu.

Ki fara wanke hannunki da sabuni. Ki jefar da ganyen waje wanda ya taɓa ƙasa. Ki ɓalle sauran ɗaya-ɗaya, ki murza kowane a hankali ciki da baya, da ruwan da kuke sha. Ki sake ruwa sau 3. Ganyen za ki tsamo daga kwano ki zuba a wani, domin ƙwai da yashi ƙasan kwano suke kwantawa. In kin tsiyaye ruwan ta kan ganyen, kin mayar masa da su. Sai bayan haka a jiƙa a ruwan jabel kamar minti 15, a ɗauraye. Jabel ƙarfinsa ba ɗaya ba ne, ki tambaya a gidan likita ɗigo nawa ake sa ma lita guda. Karoti a fere shi. In ruwa mai kyau ya yi wuya a gida, gara a dafa shu da karoti a miya, tafasa tana kashe ƙwan duka.

Kai kuma mai garka, in za ka iya, zuba ruwa a gindin shuka maimakon bisa ganye, ka bar taki ya ruɓe sosai kafin ka sa. Wanda ya ga tsutsa ga ɗansa, ya kai shi gidan likita. Akwai ƙwayar magani, albandazol, ba ta da tsada. A tambayi ma'aikacin lafiya ko sauran yaran gidan ma za su sha.