Inabin Pinot Noir da kwalaben da ke ɗauke da sunansa a Jidda

Pinot Noir nau'in baƙin inabi ne da ya yi suna a yankin Burgundi na gabashin Faransa, musamman a gangaren tuddan da suka miƙa kudu daga birnin Dijon. Tun a 1395 mai mulkin yankin, Philippe le Hardi, ya ba da umarni a tumɓuke inabin Gamay daga gonaki don a bar wa Pinot Noir fili. A yau ana noma shi a Jamus, da jihohin Oregon da Kaliforniya a Amurka, da Niyuzilan. A 1925 Abraham Perold ya haɗa irinsa da na Cinsaut a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu, aka sami sabon irin da ake kira Pinotage.

'Ya'yansa ƙanana ne, a cunkushe cikin nono, fatarsu kuma siririya ce. Daga fatar nan halayensa da yawa suka fito. Ruwan cikin inabin ba shi da launi. Ja da bauri a fata suke. Shi ya sa abin da aka matsa daga gare shi yake fitowa ja mai haske, marar nauyi a baki, mai ɗan tsami, har akan yi farar giyar Shamfen da shi idan aka raba ruwa da fata nan take. Manoma kuwa suna shan wuyarsa. Yana toho da wuri sai jaura ta ƙone shi, cunkoson 'ya'yan yana jawo ruɓa, zafi mai yawa kuma yana kashe tsaminsa. Ba shukar gabar Bahar Maliya ba ce. Inabin da ake saye a kasuwannin Jidda, na Ɗa'ifa ne ko na waje, na ci ne, mai manyan 'ya'ya.

Giya haramun ce a dokar Saudiyya, kuma a Jidda abin da ya jawo dokar ya faru: a 1951 Yarima Mishari ya harbe mataimakin ƙaramin jakadan Birtaniya, Cyril Ousman, bayan an sha giya a gidan Ousman ɗin, sai Sarki Abdul'aziz ya hana ta baki ɗaya a 1952. Duk da haka sunan Pinot Noir, da na 'yan uwansa irin su Merlot, yakan bayyana a kwalaben da aka rubuta musu «babu barasa» a manyan kantuna da ɗakunan cin abinci na otal. Nan ne alhazai da mazauna, har da masu hidimar teburin kansu, suke rikicewa.

Abubuwa biyu ne daban ake zubawa a kwalba iri ɗaya. Na farko ruwan inabi ne zalla, wanda aka matsa aka dafa ko aka tace kafin yis ya taɓa shi; yana da zaƙi sosai domin sukarinsa na nan. Na biyu giya ce cikakkiya da aka bari ta tsimu, barasarta ta kai kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari, sannan aka janye barasar da na'ura, ko ta hanyar turara ta a wurin da aka zuƙe iska, ko ta matatar da ke raba ruwa da barasa. Dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a kira irin wannan «wadda aka cire wa barasa» muddin abin da ya rage bai wuce kashi 0.5 ba. Don haka 0.0% da 0.5% ba ɗaya ba ne, kuma ko 0.0% ɗin bai faɗi ko an tsima abin tun farko ba. Jerin kayan haɗin da ke bayan kwalba ne yake faɗa, kuma shi ne mutane ba sa karantawa.

Malamai sun saɓa a kan nau'i na biyu. Wasu suna duban maye kawai, wasu suna duban asali. A Malesiya, inda hukumar JAKIM ke ba da shaidar halal, fatawar ƙasa ta haramta duk abin shan da aka bi hanyar yin giya wajen haɗa shi, ko da an janye barasar. Ma'aikacin otal ba mufti ba ne, amma hakki ne a kansa ya gaya wa baƙo wane nau'i ne zai zuba masa.

Sai batun girki. Miyar naman Faransa da ake kira bœuf bourguignon, da giyar wannan inabin ake yin ta a asali. Masu dafa abinci a Jidda suna musanya ta da ruwan inabi ko na rumman da ɗan khal. Wanda ya ci irin abincin a wata ƙasa kada ya dogara da cewa wuta tana ƙone barasa: gwajin da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka ya nuna kusan kashi 35 cikin ɗari na barasar na nan bayan rabin awa a kan wuta, kashi 5 kuma bayan awa biyu da rabi.