Manifol ɗin Salansa: Ƙyallin Sitenles Ba Ya Hana Tsagewa

Tun da bidiyon masu gyaran mota na Amurka suka cika wayoyin mutane, tambayar da masu motocin dizal ke yi mana a gareji ta sauya. A da in manifol ya tsage, mai mota cewa zai yi a nemo masa ɗan Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka, ko a kai wa mai walda. Yanzu waya zai miƙo maka ya ce, "Oga, irin wannan mai ƙyallin nake so, an ce ba ya tsatsa." Ni kuma in ce masa, "Alhaji, ai ba tsatsa ce ta kashe naka ba, zafi ne."

Ga wanda bai saba leƙa inji ba, manifol ɗin salansa shi ne ƙarfen da ke ɗaure a gefen tof silinda, yana tattara hayaƙin kowace silinda ya miƙa wa tobo. Ita kanta tobon a jikinsa take rataye. In tirela ta sha lodi ta kama Hawan Kibo, hayaƙin da ke ratsa cikinsa yakan kai digiri 600 zuwa 700 a ma'aunin Salshiyos. Shi kuwa tof silinda, ruwan lagireton da ke zagaya cikinsa bai cika wuce digiri 90 zuwa 100 ba. Ke nan ƙarafa biyu aka ɗaure da notuna, ɗaya yana miƙewa sosai in ya ji wuta, ɗayan kusan yana nan yadda yake.

A nan lissafin yake. Ɗauki inji mai silinda shida a jere, a ce tsawon manifol ɗinsa santimita 75 ne. In zafinsa ya ƙaru da digiri 600, na kas, wato ƙarfen zubi, zai ƙara tsawon milimita 5 zuwa 6. Na sitenles samfurin 304, wanda shi aka fi tallatawa, zai ƙara wajen milimita 8. Kullum aka ta da mota aka kashe sai an yi wannan miƙewa da komawa, kuma notuna da gasket ne ke ɗaukar wahalar. Wanda ya cire kas ya ɗaura sitenles guntu ɗaya mara gaɓa, bai rage wa notunansa aiki ba, ƙara musu ya yi.

Su Amurkawan da ake kallon bidiyonsu, ya kamata a san abin da ya kai su ga canji. Daga 1989 zuwa 2007 an riƙa sa injin Cummins mai lita 5.9 a motocin a-kori-kura na Dodge Ram, kuma sananne ne a wurinsu cewa manifol ɗin da injin ke zuwa da shi, wanda guntu ɗaya ne, yana tsukewa in ya daɗe yana shan zafi. In ya yi ja yana son miƙewa, notuna sun riƙe shi, sai ƙarfen ya matse a jikinsa; in ya huce sai ya dawo ƙasa da tsawonsa na asali. Sannu a hankali sai ya ja notunan gefe su lanƙwashe ko su karye, wani lokaci har ya ɓalle kunnen tof silinda. Maganin da suka samo shi ne manifol mai guntu biyu ko uku, bakin wani na zamewa cikin bakin wani. Da yawa daga cikin waɗannan ma ba sitenles ba ne, kas ne mai inganci. Manyan injinan tirela da tifa kuwa akasarinsu da irin wannan gaɓa suke fitowa tun daga kamfani. Sannan su can gishiri ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara, shi ke cinye musu ƙarƙashin mota. Mu a Kano ko Maraɗi wa ya watsa mana gishiri? Jan da kake gani a jikin manifol ɗin kas a fata ya tsaya, ƙarfen yana da kaurin da zai shekara da shekaru a haka.

Shi ma kas ɗin suna ne kawai ya tara su. Wanda ake yi domin injin dizal mai tobo ana ƙara masa silikon wajen kashi 4 cikin 100 da ɗan molibdenom, don ya jure wuta ba tare da ya kumbura ko ya riƙa ɓarewa ba. Akwai kuma na bogi da ake zubawa da kowane irin gwangwan. In ka ɗaga za ka ji bai kai na asali nauyi ba, in ka zura yatsa ciki ka ji yashi-yashi da tudu, fuskarsa kuma ba ta kwanta daidai a kan tof silinda. Araha ba ta ado. A wurina tsohon na asali da bai tsage ba, aka kai wa masu inji suka share masa fuska, ya fi sabon irin wannan.

Sitenles ya fi ruɗarwa, don duk ƙyalli ɗaya suke yi a kan kanta. Ƙarfe ba ya amsa wannan suna sai yana da kromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Samfurin 304 yana da kromiyom kashi 18 da nikel kashi 8, ya dace da kayan kicin da bututun salansa na baya, amma in ya daɗe tsakanin digiri 425 da 860 yakan raunana, musamman gefen walda, kuma nan ne daidai zafin da manifol ke rayuwa a ciki. Samfurin 321 an ƙara masa titaniyom saboda wannan matsala, shi ya sa ya fi tsada. Akwai 409 mai ƙarancin kromiyom, wanda miƙewarsa ta yi kusa da ta kas, shi kuma yakan yi ja-ja. Akwai 201 mai araha, da aka rage masa nikel aka cike da manganis. Gwajin maganaɗisu da 'yan kasuwa ke yi a gaban mai saye ba ya raba gardama: maganaɗisu yana kama 409 alhali sitenles ne na gaske, kuma bai cika kama 201 ba alhali shi ne na baya a dangi.

Sai kuma yadda aka ƙera shi. Yawancin masu ƙyallin nan bututai ne sirara aka lanƙwasa aka haɗa da walda. Ka rataya musu tobo mai nauyi, ka sa mota kan hanya mai ramuka da lodin siminti, ba za a daɗe ba ka ga baƙin layi ya fito a bakin walda. Ga su da fitar da zafi cikin ɗakin inji saboda rashin kauri, su gasa wayoyi da tiyo, ga ƙara. Wanda aka zuba shi zubi da kauri, mai gaɓa, shi wannan kaya ne na gaske, ya fi kas jure wuta mai tsanani, ban musa ba. Amma wurinsa injin da aka buɗe wa mai, aka canza masa babbar tobo don tsere ko gasar ja. A injin da ke yadda kamfani ya yi shi, ƙarin ƙarfin da za a samu bai kai kuɗin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne a canza manifol a bar abin da ya ƙona shi. In mota ta cinye manifol biyu a jere, ba kasuwa nake fara zuwa ba. Iyakilina nake fara cirewa, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe shi. Sai nozul, sai saitin famfon mai, don akwai direbobin da ke zagayewa a buɗe musu mai wai mota ta ƙara ja. Sai tiyon intakula, ko iska na gudu. Duk abin da ya sa mai ya fi iska yawa, hayaƙi zai yi baƙi, zafinsa ya hau. Haka direban da ke hawa tudu da babbar giya yana danne totur, inji na nishi. Baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi, manifol da tobo ne ke biyan kuɗinsa. Ga kuma yaran mota da masu wanki da ke kwara wa inji ruwa daga tsayawa. Kas mai zafi kamar tukunyar ƙasa ce da aka sauke daga murhu, in ta ji ruwan sanyi sai ta tsage. A bar mota a silo na 'yan mintuna kafin a kashe, a bar ta ta huce kafin a wanke.

Alamar yoyo ba ta ɓuya. Da safe za ka ji "tsit-tsit-tsit" a gefen inji, in ya ɗumama ƙarar ta ragu. Za ka ga baƙin toka a gefen gasket, mota ta rage ja saboda hayaƙin da zai juya tobo yana gudu a hanya. Direban da ke kwana cikin kai da inji a kunne, in ya fara jin warin hayaƙi ko yana tashi da ciwon kai, kada ya jira sai an dawo daga tafiya. Mai tankar fetur kuwa bai kamata ma a tsaya yi masa bayani ba.

Wajen ɗauri ma ana kashe manifol mai kyau. Ramukan notin gefe da gangan aka yi su da faɗi don ƙarfe ya samu wurin zamewa, dogayen notuna masu hannun riga kuma an yi su ne don su riƙa ba da kai. Wanda ya yar da hannun rigar ya sa gajeren noti ya ɗaure iya ƙarfinsa, shi ya shirya karyewar. Daga tsakiya ake fara ɗauri a yi waje, da sufana mai awo, da sabon gasket, a shafa wa zaren noti man hana kamewa.

In kuma walda ta zama dole saboda aljihu, a huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, a gasa manifol ɗin gaba ɗaya kafin a fara, a yi da sandar nikel ta kas, sannan a binne shi cikin busasshen yashi ko toka ya kwana yana hucewa. Waldar da aka yi da sandar ƙofa a jikin mota gyaran gangar Abzinawa ce, sabuwar tsaga za ta fito a gefenta. Ko wadda aka yi bisa ƙa'ida, in tsagar a wuyan da ke ɗauke da tobo take, nakan gaya wa mai mota ya fara tanadin kuɗin wani.