Filin Shawara: Ta nuna mini shatin duka, in gaya wa wanta?

Ina cikin 'yan matan da aka ɗauka aikin bi gida-gida, muna yi wa matan aure tambayoyi kan lafiyarsu da zaman aure. Makon jiya da muka zo kan tambayoyin duka, sai wata baiwar Allah ta yaye mayafi ta nuna mini shatin bulala a gadon bayanta. Muna cikin haka kishiyarta ta leƙo, duk na daburce. Ga shi na san wanta, unguwarmu ɗaya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In gaya masa?
'Yarki daga Zariya

Kada ki gaya masa.

Na san tausayi ne ke cin ki, amma duba yadda abin zai kaya. Wan nata zai ɗebi zafi ya nufi gidan. Mijin zai tambaya wa ya fitar da maganar, kuma kowa ya san baƙuwa ɗaya ce ta shiga ɗakin a makon jiya. Ke kina gidanku, ita ce za ta kwana da shi. Kuma ai ta san hanyar gidan wanta. Da ba ta je ba, tana da dalilinta, wataƙila 'ya'ya, wataƙila ta taɓa zuwa aka ce ta koma ta yi haƙuri. Ke ta buɗe wa ciki saboda kin yi mata alkawarin ba wanda zai ji.

Tun 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin irin wannan aiki, kuma da su aka yi babban bincikenta na mata sama da 24,000 a ƙasashe 10. Shi ya sa ake cewa ku gabatar da aikin a ƙofar gida da sunan lafiyar mata, ba a ambaton duka sai kun keɓe da matar, ta amince. Shi ya sa kuma a binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2018, mace ɗaya tak ake yi wa waɗannan tambayoyi a kowane gida, don kada sauran mutanen gidan su san me aka tambaya. A nan ne aka gano kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun sha duka, ko cin zarafi, ko tilastawa daga miji. Da ana kai rahoto ga dangi, wace mace ce za ta amsa da gaskiya?

Batun kishiya kuwa, gaba in wani ya shigo, ki juya zance kan shayarwa ko allurar rigakafi kamar da ma shi kuke yi. In ya ƙi fita, ki tsayar da tambayoyin gaba ɗaya.

Abin yi yanzu: ki sami shugabar tawagarku ki faɗa mata, ba tare da kin kama suna a gaban abokan aiki ba. Ya kamata a ce an ba ku jerin wuraren neman taimako, asibiti, ofishin walwalar jama'a, lauyoyi mata, a 'yar ƙaramar takarda da za ta ɓuya a kullin zane. In ba a ba ku ba, laifin waɗanda suka tura ku ne, kuma ki faɗa musu haka nan. Ni kam ina jin haushin masu tono ciwon mace su cika takarda su yi gaba. In aka shirya komawa wurinta cikin sirri, a tambaye ta me take so, ko da kiran wan nata ne. Ita za ta zaɓa.

Rashin barcin nan ma ki faɗa wa shugabar taku, haƙƙinki ne a saurare ki a ba ki hutu. Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka yi.